Rasit ɗin gidan waya da abin da ya koya mini a cinikin intanet

Lokacin da na fara sayar da kaya ta intanet, na ɗauka cewa da zarar na naɗe ƙunshi, na manna masa takardar adireshi, na kai shi gidan waya, to na sauke nauyin da ke kaina. Hankalina duka yana kan kyawun kayan da ƙarfin kwalin da zan saka su, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba ko akwai wani abu a rubuce da zai shaida cewa ƙunshin ya bar hannuna a ranar da na ce ya bari. Sai da na yi asara kafin na gane cewa wannan shaidar tana cikin muhimman abubuwan da mai sayarwa ke riƙe da su.

Wata rana na isa gidan waya da ƙunshi bakwai, na tarar da layi mai tsawo, kuma da yake na riga na biya kuɗin aikawa ta intanet na buga takardun a gida, sai na ajiye su a wurin da aka tanada don irin waɗannan kaya na yi tafiyata. Shida daga cikinsu ba su bayyana a shafin bin sawu ba, wato shafin intanet da ke nuna inda ƙunshi yake a hanya, sai bayan kwana uku, lokacin da suka isa babbar cibiyar da ake tantance saƙonni, don haka dandalin da nake ciniki a kansa ya rubuta su a matsayin kayan da aka aika a makare. Na bakwai kuwa bai bayyana ba sam. Da mai sayen ya shigar da ƙorafi, aka nemi in kawo shaidar aikawa, na duba ban sami komai ba sai hoton takardar da ni kaina na buga. Aka mayar masa da kuɗinsa, kuma ban ga laifinsa ba, domin shi ma abin da ya gani a shafin ke nan. Kayan sun tafi, kuɗin sun tafi, sannan martabar shagona a dandalin ta ragu.

A nan ne na fahimci bambancin da ban lura da shi ba a baya. Idan mutum ya sayi takardar aikawa ta intanet, nan take ake ba shi lambar bin sawu, kuma shafin zai nuna cewa an ƙirƙiri takardar. Wannan bayani ba ya nuna komai face cewa mai sayarwa ya yi niyyar aikawa, domin ƙunshin yana iya kasancewa a kan teburinsa har mako guda. Abin da ake ɗauka a matsayin shaida shi ne lokacin da ma'aikacin gidan waya ya haska zanen layukan nan baƙaƙe da ke kan takardar aikawa da na'urarsa, kwamfutarsu ta rubuta rana da sa'a da wurin da aka karɓa. Kafin wannan haskawa, maganata ce kawai, bayanta kuma akwai wani na uku, wanda ba shi da rabo a cinikin, da ya shaida cewa kayan sun shiga hannunsa.

Manyan dandalan ciniki a kan wannan suka gina ƙa'idojinsu. A eBay, mai sayarwa ne ke zaɓar adadin kwanakin da zai ɗauka kafin ya aika, kuma idan haskawar karɓa ta faɗo cikin waɗannan kwanaki, ba a ɗora masa laifin jinkirin da ya faru a hanya. Amazon tana buƙatar kayan da mai sayarwa ya aika a makare su kasance ƙasa da kashi 4 cikin ɗari, sannan aƙalla kashi 95 cikin ɗari na kayansa su kasance da ingantacciyar lambar bin sawu. PayPal kuma, wadda ake biyan kuɗi ta intanet da ita, tana ba mai saye kwana 180 ya shigar da ƙorafin cewa kaya ba su iso ba, wato kusan wata shida bayan cinikin da ni na riga na manta da shi. A ganina waɗannan ƙa'idoji ba zalunci ba ne, domin wanda ke yanke hukunci tsakanin mutum biyu da bai taɓa gani ba, ba shi da abin dogaro sai rubutaccen bayani.

Tun daga lokacin nake bin layi, komai tsawonsa, in miƙa kayan a kanta, in tsaya har a haska kowane ƙunshi a gabana, in karɓi rasit. Kafin in bar wurin ina gwada lambobin da ke rasit ɗin da waɗanda ke littafina, domin sau ɗaya an tsallake ƙunshi guda cikin tarin, kuma da ban duba ba da na sake faɗawa ramin da na fito. Kayan da za su ƙetare ƙasa lambarsu tana da tsari ɗaya a ko'ina, wanda Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ta shimfiɗa: haruffa biyu a farko, lambobi tara a tsakiya, sai haruffa biyu na ƙasar da kayan suka fito, jimilla 13. Sanin haka ya sauƙaƙa mini gane kuskure da kallo ɗaya. Ina kuma roƙon a auna nauyin ƙunshin ya fito a rasit, saboda nauyin da gidan waya ya rubuta yana da amfani ranar da wani zai ce kwali ya iso masa babu komai a ciki.

Da ciniki ya ƙaru, tsayawa a haska ƙunshi ashirin ɗaya bayan ɗaya ya zama takura ga ma'aikata da mutanen da ke bayana, kuma ina jin nauyin hakan. Sai na koyi amfani da takardar jerin kaya, wadda ke haɗa lambobin ƙunshin ranar duka a ƙarƙashin zane ɗaya, a haska shi sau ɗaya dukansu su nuna an karɓa. Gidan wayar Amurka yana da irin wannan takarda mai lamba 5630, a Birtaniya kuma ana ba da takardar shaidar aikawa kyauta ga wanda ya nema a kanta. Sai dai takardar jerin tana da sharaɗi: a buga ta bayan an gama buga takardun ranar duka, kuma duk ƙunshin da ke cikinta ya kasance an miƙa shi da gaske. Wanda aka buga bayanta dole a haska shi daban.

Sha'anin lokaci ma ya gyara mini lissafi. Kowane gidan waya yana da sa'ar da motar ƙarshe ke kwashe kaya, kuma abin da aka jefa a akwati bayan wannan sa'a yana kwana a wurin, idan kuma gobe hutu ce ya ƙara kwana. Na daina alkawarin aikawa cikin kwana ɗaya don in burge masu saye, na mayar da shi kwana biyu, ina kuma zuwa da safe. Haka nan na daina shimfiɗa salatif a kan zanen layukan ko lanƙwasa takardar a gefen kwali, domin duka biyun suna iya hana na'ura karantawa.

Rasit ɗin kansa ba ya daɗewa, saboda yawanci a kan takardar da zafi ke fito da rubutunta ake buga shi, kuma rubutun yana dusashewa cikin watanni, musamman idan rana ta taɓa shi. Shi ya sa nake ɗaukar hotonsa tun ina bakin kanta, in adana shi da kwanan wata da lambar cinikin, in riƙe shi fiye da kwana 180. Na san kuma iyakarsa: yana tabbatar da cewa na aika a kan lokaci, amma ba ya tabbatar da cewa kayan sun isa, don haka kaya masu tsada nake ƙara musu inshora da sa hannun mai karɓa.

Bayan kusan shekara guda wani ƙunshi ya sake ɓacewa a hanya. A ranar da mai sayen ya yi magana na tura masa hoton rasit ɗin, na shigar da neman diyya da shi a gidan waya, na aika masa da wasu kayan a madadin na farko, kuma dandalin bai rubuta mini jinkiri ba domin haskawar karɓa tana nan da ranarta da sa'arta.