Talata, wuni guda a kan samaniya

Yau ban taɓa bango ko taga ba, wunin gaba ɗaya a kan samaniya ya ƙare. Aikin wani ɗakin karatu ne mai hawa uku, wanda muke ƙera hotunansa a kwamfuta kafin a gina shi, za a kai su gaban masu ginin ranar Juma'a. Yaron da ke koyon aiki a wajena ya kwana yana haɗa hoton gwaji, da safe ya turo min. Ginin kansa ba ni da ta cewa: awo daidai, kankare da tabonsa, har layin da katakon zubi ke bari a jiki bai manta ba. Sai dai hoton ya fito kamar abin wasan roba da aka ajiye gaban kalanda.

Na kira shi ya jawo kujera, muka buɗe fayil ɗin tare. Ya samo hoton samaniya mai kyau na JPEG ya manna a baya, sannan ya kunna fitilar rana guda ɗaya. Ya ce, "Oga, ai samaniyar ta yi kyau." Na ce ta yi, amma ba ta haska komai a ginin. Na nuna masa ƙarƙashin baranda, baƙi ƙirin. Na sa shi ya leƙa waje ya dubi inuwar da ta faɗa a kan farin bango. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce shuɗi-shuɗi yake gani. To, shi ke nan. Duk inda rana ba ta kai ba, samaniya ce ke haska shi, ƙasa kuma ta mayar da nata hasken daga ƙasa zuwa silin ɗin baranda. Samaniya fitila ce da ta kewaye ginin, kuma ita ce mafi faɗi a cikin fitilun da muke da su.

Wannan ɓangaren na aikin shi na fi so, ban iya wuce shi da sauri. Tun 1871 masanin kimiyya Lord Rayleigh ya yi lissafin abin: iska ta fi watsa haske mai gajeren zango, shuɗi yana watsuwa fiye da ja sau biyar da ɗoriya. Shi ya sa sama take shuɗiya da tsakar rana. Idan rana ta gangaro dab da faɗuwa, haskenta yana ratsa iskar da ta kai kusan ninki 38 na wadda yake ratsawa lokacin da take tsakar ka, sai shuɗin ya zube a hanya, ja da rawaya su iso. Ƙura da tururin ruwa kuwa ba sa zaɓen launi sosai, su ne ke sa fari-farin nan a kewayen rana da can inda sama ta haɗu da ƙasa. Mai kallon hoto bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba, amma idonsa ya saba da shi tun yana jariri. Da an kuskure, zai ce hoton "bai zauna ba", ko da ba zai iya nuna wurin ba.

Matsalar JPEG ita ce matakan haske 256 kacal gare shi a kowane launi. Farin gajimare da ƙwayar rana duk a mataki ɗaya suke tsayawa, alhali a zahiri rana ta fi samaniyar da ke gefenta haske sau dubbai. Hoton HDRI, wato hoto mai matakan haske masu yawan gaske, wanda masanin kwamfuta Paul Debevec ya nuna yadda ake haska abin da kwamfuta ta ƙera da shi a 1998, yana riƙe wannan tazarar. Amma ba kowane HDRI ba. Na gwada masa yadda nake tantancewa: in yi ta rage hasken hoton har komai ya duhunce. Idan ɗigon rana ya rage shi kaɗai yana ƙyalli, hoton na kirki ne. Idan ya dushe tare da gajimare, an yanke masa kai tun wajen ɗauka, inuwar da zai bayar ba za ta yi ƙarfi ba.

A wannan aikin dai ban ɗauki HDRI ba, samaniyar lissafi na zaɓa, wato wadda kwamfuta ke ƙerawa da kanta. Akwai ta Preetham ta 1999, wadda ke rikicewa idan rana ta yi ƙasa sosai, akwai ta Hosek da Wilkie ta 2012 da ta gyara wannan, sai ta Nishita da ta shigo manhajar Blender 2.90 a 2020. Da ita na yi aiki. Ba ta da gajimare, wani lokacin tsabtarta har ta yi yawa, amma ina iya ajiye rana daidai inda za ta kasance a kan filin ginin a kowane wata da kowace sa'a.

Sauran gyaran bai ɗauki lokaci ba. Farin fentinsa ya sa shi fari fat, na mayar da shi 0.8, wato ya mayar da kashi 80 cikin 100 na hasken, don babu fentin da ke mayar da duk hasken da ya sauka a kansa. Kyamara na sa ta a f/16, 1/100, ISO 100, yadda masu ɗaukar hoto ke yi a rana tsaka. Girman rana kuma na mayar da shi rabin digiri, yadda yake a sama. Nan ne abin ya burge shi. Inuwar ƙarfen matakala, da ke kusa da daɓe, ta fito da kaifi. Inuwar bakin rufin, da ta faɗo daga tsayin mita 12, gefenta ya yi laushi da faɗin santimita 11 ko kusa da haka. Kusan santimita ɗaya a kowace mita. Ido da wannan laushin yake gane tsayin gini.

Da la'asar mai zanen ginin ya kira. Yana son babban hoto, na fuskar gaba, da jar ranar yamma tana kwance a kan gilasan. Na ce, "Yallabai, fuskar nan arewa take kallo." Na riga na zagaya da rana shekara guda a kan filin: a wasu watanni kawai take shafar bangon, shi ma ta gefe. Ya ce ai juya rana a kwamfuta ba wuya, kowa yana yi. Gaskiya ne, daƙiƙa biyu ne. Amma mutanen da za su zauna ranar Juma'a da hoton nan za su yanke shawarar launin bango da irin gilashi, su sa hannu. Idan na ba su ranar da ba za ta taɓa fitowa ta can ba, ginin da suka amince da shi daban, wanda za a miƙa musu daban. Wannan yana damuna ƙwarai, kuma na gaya masa haka cikin ladabi.

Na roƙe shi ya ba ni awa ɗaya. Fuskar gaba na yi mata samaniya mai lulluɓin gajimare, irin wadda tsakiyarta ta fi gefenta haske sau uku. A wannan hasken kankare ya nuna hatsinsa, zurfin tagogi ya fito, fitilun ciki suka ba hoton ɗumi. Jar ranar da yake so kuma na ba shi ita ta gefen yamma, inda take da gaskiya. Da hoton ya gama fita sai ga abin da ba mu nema ba: ƙarfe biyar na yamma, rana tana bi ta ƙarƙashin shingen inuwar tagogin, ta miƙe a kan teburan karatu har tsakiyar zauren. Duk wanda ya zauna nan da littafi ko allon kwamfuta sai ya tashi.

Na tura masa duka biyun. Bai amsa nan take ba. Can ya sake kira, bai ma tada maganar fuskar gaba ba, tambayarsa ita ce ko zan iya fitar masa da wannan kusurwar a watanni huɗu daban-daban, da ƙarfe uku da huɗu da biyar, yana so ya gani ko shingen tsaye zai fi na kwance tare ranar. Na ce zan iya. Na jera su a ƙaramin girma don su gama kafin safe, na bar wa yaron ya daidaita sunayen fayil da wata da sa'a. Gobe sai cikin zauren, inda hasken samaniya ke shiga ta tagogi kaɗai, hoton yana fita da tsaki-tsaki, kuma ban so manhajar goge tsakin ta shafe min hatsin katakon teburan.