Tsakanin Sanin Harafi da Iya Karatu

Shekarar farko da aka ba ni aji ɗaya, na ɗauka da zarar yaro ya san sautin kowane harafi, shi ke nan, karatu zai zo da kansa. Kafin zango ya ƙare yarana sun iya "ba, be, bi, bo, bu" kamar ruwa, har da rausaya kai. Ranar da na raba musu littafin labari kuwa, sai aji ya yi tsit. Wata yarinya da nake ji da ita ta cije a kalma ta uku, ta saci kallon hoton da ke gefe, ta ce "tunkiya". A rubuce kuwa "rago" ne.

Ba laifinta ba ne. Shafin cike yake da baƙaƙen da ban kai gare su ba, irin su ts da gw da ƙy, don haka ba ta da mafita sai canke. Yaro kuma in ya saba da canke tun yana ƙarami, raba shi da shi sai an sha fama.

Daga nan na fara rubuta gajerun labarai da hannuna, da sharaɗi ɗaya: harafin da ban koyar ba, ba zai shiga ba. Lokacin da muke da a, n, k da m kaɗai, abin da ya samu shi ne: "Nana na nan. Kaka na nan. Mama na nan." Babba zai ce wannan ai ba labari ba ne, kuma da gaskiyarsa. Amma sai ka ga fuskar yaron da ya kai ƙarshen layi ba wanda ya ɗora masa ko kalma ɗaya. Duk sabon sauti sai na yi masa labarinsa, layi huɗu ko biyar, ya fito sau da yawa, tsofaffin kuma suna biye da shi. Haruffa masu ƙugiya su suka fi cin lokacina. Sai na riƙa haɗa "kafa" da "ƙafa", ko "baki" da "baƙi", a labari ɗaya, don ido ya koyi lura da wannan ɗan lanƙwasan.

Maimaitawa ce ta kawo saurin. Ni nake fara karantawa suna bi da yatsa, sannan mu yi tare, sannan su zauna bibbiyu wannan ya saurari wancan. Daga baya na gano cewa dabarar tsohuwa ce: wani masani a Amurka, S. Jay Samuels, ya bayyana ta a 1979. Tun a 1974 shi da David LaBerge suka yi bayanin dalili, cewa hankalin mai karatu yana da iyaka, in ya ƙare wajen haɗa baƙi da wasali babu abin da zai rage wa ma'ana. Kwamitin nazarin karatu na ƙasar Amurka ma, a rahotonsa na 2000, ya samu cewa maimaita karatu a bayyane, malami na gyarawa, yana taimakawa.

Sai dai maimaitawa tana da tarko, kuma na faɗa ciki. Yara gwanayen hadda ne. Wata rana wani yaro ya karanta mini labari tiryan-tiryan, ina ta yaba masa, ashe idonsa na kan taga. Na nuna masa kalma ɗaya a tsakiyar layi, ya yi shiru. Tun daga ranar ba na barin labari ya wuce kwana uku, sai in kawo sabo da sautukan nan dai amma jimloli daban. Nakan kuma ƙirƙiro kalmomin da babu su, kamar "lomu" ko "zeki", tunda ba yadda za a yi a haddace su. A Ingila ma haka ake yi: gwajin haɗa sautuka da suka fara yi wa yara a 2012 kalmomi 40 ne, rabinsu na ƙirƙira.

Ɗaya kuskuren na agogo ne. Ina ƙirga kalmomin da yaro ya karanta daidai cikin minti ɗaya, abin da ke da amfani ga malami, amma da na bari suka mai da shi gasa sai suka koma tsere, ba waƙafi ba aya. Yanzu ina yin ƙirgata shiru, in an gama in tambaya: wa ya zo, me ya same shi?

Tambayar nan dole ce, domin rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Fari" na launi da "fari" na rashin ruwa duk rubutu ɗaya ne, ma'anar jimla ce kawai ke raba su. Kusan ƙarshen shekara yarinyar nan ta tunkiya tana karanta "Direba ya sha wuya", sai ta furta wuya irin na jiki. Ta tsaya, ta shafa wuyanta, ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "A'a, Malam, ba wannan ba!" Ta koma farkon layin ta gyara da kanta, ban ce mata komai ba.