Albarushi ba ya son awon ido

Shekara 22 ke nan ina gyaran bindigogin mafarauta a Tawa, sana'ar da na koya wajen baffana. Ni da yara biyu ne a rumfar. Duk wanda ya kawo bindiga, takardar izininsa nake fara dubawa. In babu, ya koma da abarsa. Yawancin aikin gyaran kunama ne, sauya ƙota, da kankare tsatsa bayan damina.

Abin da ke hana ni barci shi ne albarushi. Bara wani maharbi daga wajen Illela ya zo da adaka, bututunta ya tsage kamar karan dawa, hannunsa na hagu a naɗe da tsumma. Ashe harsasan zamani ya farke ya juye garinsu a ciki. Na ce masa, "Malam, Allah ne ya tsare ka." Baƙin albarushin gargajiya daban, na zamani marar hayaƙi daban. Ƙarfen adaka ba zai ɗauki ƙarfin na biyun ba ko kusa.

Shi ya sa in aka kawo mini kwanson harsashi a ce in sake cika shi, nake ƙi. Wani saurayi ya taɓa ce mini ai a Amurka mutane na cika harsashin libarba a gidajensu. Haka ne, amma ba da ka suke yi ba. Suna da littattafan awo na kamfanoni irin su Hornady da Lyman, inda aka gwada kowane albarushi da nauyin kan harsashin da ya dace da shi, aka rubuta awon farawa da iyakar da ba a ƙetarewa. Ma'auninsu ma ƙanƙane ne ƙwarai, giren suke ce masa, sai an tara fiye da 15 kafin a samu giram ɗaya. Wane ido ne zai raba wannan?

Duba harsashin libarba da ake kira .38 Special. Don baƙin albarushi aka fara yin sa, shi ya sa kwansonsa ke da zurfi. Albarushin zamani ɗan kaɗan ne ke kwanciya a gindinsa, sai mutum ya zuba sau biyu bai lura ba, bindiga ta tarwatse masa a hannu. In kuma ya manta bai zuba ba sam, kan harsashin ya maƙale a bututu, na baya ya zo ya tarar da shi. Da aka fito da harsashin .357 Magnum a 1935, da gangan aka ƙara wa kwansonsa tsawo don kada ya shiga libarbar .38. Masu ƙera abin da kansu tsoronsa suke ji.

Mutumin Illela ya roƙe ni in yi wa bututun walda. Na ƙi, ya yi fushi ya tafi. Bayan sallar layya ya dawo, muka yanke bututun gida uku a gabansa, ya ɗauki ƙotar ya sa a buhu, don ta mahaifinsa ce.