Shafi na ashirin da huɗu

Laraba, bayan isha'i.

Da safe komai ya tafi daidai. Umma ta soya ƙosai, na samu adaidaita ban ko tsaya jira ba, ƙarfe takwas saura ina ofis. Kwana uku na yi ina haɗa bayanin da zan gabatar a taron ofis a PowerPoint, manhajar da ake haska shafuka a bango da ita, shafi ashirin da shida, har ina ta zumuɗin goma ta yi.

Magana ɗaya ce ta kai ni gaban manyan kamfaninmu: mu fara ƙulla shinkafarmu a ƙananan buhuna, mai kilo 5 da mai kilo 10. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya bi komai ya ɗaga, magidantan da ke ɗaukar buhu mai kilo 50 da yawa sun koma awon kwano. Na gani da idona a Kasuwar Singa. Mai shago ya sari buhunmu, ya kai unguwa ya farke, ya riƙa aunawa a leda. Matar da ta dafa ta ji daɗinta ba ta san ta wane kamfani ba ce, don sunanmu yana jikin buhun da aka jefar bayan kanta.

Wannan maganar na ajiye ta a shafi na ashirin da huɗu.

Na faro da yadda muke sayo shanshera daga Kura da Bunkure, na shiga kuɗin dizal, na shiga jadawalin ciniki wata bayan wata. Rubutun ƙanana ne, ni kaina sai da na juya musu baya ina karantowa daga bango. Wajen shafi na tara na ji shirun ɗakin ya canza, irin shirun mutanen da suka sunkuya kan waya. A na sha huɗu aka ɗauke wuta. Muna zaune ana jiran janareto, Oga ya cire tabarau ya ce, "Malama, kafin wutar ta dawo, me kike so mu yi?"

Na ce, "Yallaɓai, yana nan gaba, saura kaɗan mu iso."

Ya ce, "A'a, faɗa min da baki."

Na faɗa, cikin jimla biyu, murya na rawa. Ya yi jim, ya ce, "To ai da nan kika fara." Sha ɗaya ta yi, yana da baƙi, aka tashi.

Ba faɗa ya yi min ba, kuma gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya tsaya min a rai. Ban iya cin abincin rana ba.

Bayan azahar Hajiya ta ofishinmu ta same ni ina naɗe sallaya. Ta ce, "Ƙanwata, zo nan. Kin taɓa tsayawa kallon mai tallar magani a tasha?" Na ce na sha gani. Ta ce, "Da me yake farawa? Cewa yake, wa ke fama da ciwon baya? Sai mutane sun taru sannan ya kawo labarin inda ya samo saiwar. Ke kuma saiwar kika fara tonowa." Ta ce duk wahalar da na sha ta kwana uku tana nan, amma ba don in nuna ta aka kira taron ba, an kira ne don manya su ce e ko a'a. Ta lissafa min da yatsunta: buƙatar a numfashin farko, adadi ɗaya tak a kowane shafi, rubutu manya yadda na ƙarshen tebur zai gani, fuskata kuma tana wajen mutane. Sauran jadawalin in buga a takarda, mai tambaya a miƙa masa.

Na ce, "Hajiya, tsoro nake kar a ce ban yi bincike ba." Ta riƙe hannuna ta ce, "Wanda ya yi bincike ana gane shi ne lokacin tambayoyi."

Da na ba Yaya labari a waya, ya ce a kamfanin Amazon tun 2004 Jeff Bezos, wanda ya kafa shi, ya hana manyansa zuwa taro da PowerPoint, takarda mai shafi shida ake rubutowa, a zauna shiru a karanta kafin kowa ya buɗe baki. Dalilinsu shi ne guntayen layuka kan ɓoye tunanin da bai nuna ba. Na yi ta juya wannan a hanyar gida. Nawa tunanin ya nuna, na tabbata. Na binne shi ne don ina jin nauyin in tsaya gaban dattawa in ce musu ga abin da za ku yi. Haka aka tarbiyyantar da mu, a yi ta kewaye kafin a taɓo buƙata, kuma ban san yadda zan riƙe ladabin in bar kewayen ba.

Cunkoso a Ƙofar Nasarawa. Magariba a hanya. Ciwon kai.

Oga ya aiko saƙo da yamma, ya ba ni minti biyar ranar Litinin. Na rage shafukan zuwa huɗu. Na kuma roƙi mai shagon layinmu ya ajiye min buhunmu guda da ya farke, da kwanon awonsa aro, gobe zan biya in karɓa.