Daga Zariya Zuwa Tsohon Ramin Farin Dutse na Riruwai

Abin da ya jawo wannan tafiya wani ɗan farin dutse ne mai gefe shida da tsini a kai, wanda ya shekara fiye da 40 a cikin akwatin mahaifina a gidanmu da ke cikin birnin Zariya. Marigayin ya yi aikin kuza a ƙuruciyarsa kafin ya dawo gida ya rungumi ɗinki, kuma duk lokacin da muka tambaye shi asalin dutsen, amsarsa ba ta wuce cewa daga Riruwai ya zo da shi. Bayan rasuwarsa dutsen ya dawo hannuna. Wata rana ɗan ƙanwata, wanda yake karatun ilimin duwatsu da ma'adinai a Jami'ar Ahmadu Bello, ya ɗauke shi ya jujjuya a hasken rana, sai ya ce: "Kawu, wannan shi ne kwaz, kuma waɗannan baƙaƙen ƙwayoyi da suka manne a gindinsa kuza ce. Ya kamata mu je mu ga inda Kaka ya tsinto shi." Na amince nan take, domin na daɗe ina jin nauyin cewa ban san komai ba game da wurin da mahaifina ya zubar da guminsa.

Mun bar Zariya bayan sallar asuba a tsakiyar hunturu, hazo ya lulluɓe dutsen Kufena har ba a iya ganin kansa. Muka haye kogin Galma, muka kama hanyar Jos ta Maigana da Soba. Yawancin masu bin wannan hanya ba su san cewa suna tafiya ne kusa da sawun wani jirgin ƙasa da kuza ta haifar ba. Bayan da dogo ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, Turawa sun shimfiɗa wani ƙaramin dogo mai faɗin ƙafa biyu da rabi kacal, wanda ya tashi daga Zariya ya isa Rahama a 1912, sannan ya hau tudu ya kai Bukuru a 1914. Kafin wannan lokaci a kan mutane ake ɗaukar kuza, 'yan dako su yi kwanaki suna tafiya da ita har Loko a bakin Binuwai. Jirgin ya riƙa tsayawa a Soba da Dutsen Wai da Kudaru, kuma ya yi aiki har 1957, lokacin da aka rufe shi saboda babban dogon da ya bi ta Kafanchan ya riga ya ƙwace masa kaya tun 1927. A ganina wannan babi ne na tarihin Zariya da ba a ba shi haƙƙinsa ba, domin shekaru da dama arzikin tudun Jos ta tashar garinmu yake bi kafin ya gangara teku.

Da muka wuce Pambeguwa muka kusanci Saminaka, sai muka karkata arewa zuwa ƙasar Doguwa ta Jihar Kano. Tun daga nesa duwatsun Riruwai suka bayyana a jere kamar ganuwa, kuma ɗan ƙanwar tawa, wanda nake kira ɗana, ya bayyana mini cewa wannan kama da ganuwa tana da dalili. Wurin saiwar wani tsohon dutse ne mai aman wuta, wanda samansa ya zaizaye a tsawon zamani, aka bar gindin a kewaye kamar zobe. Shekarun waɗannan duwatsu sun kai kimanin miliyan 170, alhali kuwa irin su Kufena sun kai kimanin miliyan 600, shi ya sa masana suke kiran na Riruwai da na Jos da na Dutsen Wai ƙananan duwatsu, su kira namu na Zariya manya. Kuzar ƙasar nan galibinta a jikin ƙananan take.

A garin muka fara kai gaisuwa wurin mai unguwa, shi kuma ya haɗa mu da wani dattijo da ya yi leburanci a ma'adinan wurin tun yana saurayi. Da na nuna masa dutsen mahaifina, sai ya riƙe shi na ɗan lokaci, ya ce: "Malam, Allah ya jiƙan mai shi. Irin wannan a cikin kogon jijiya ake samun sa, ku biyo ni." Mun yi tafiyar ƙasa ta kusan rabin sa'a a cikin busasshiyar ciyawa kafin mu isa bakin wani dogon rami da aka yanka a jikin dutse, wanda itatuwa suka tsiro a cikinsa, kore-koren ruwa kuma ya kwanta a ƙasansa. A gefensa akwai tulin farfasassun fararen duwatsu da suka fi tsawon mutum, suna ƙyalli a rana har ido ba ya iya jure kallonsu.

Kalmar jijiya da dattijon ya yi amfani da ita ta burge ni, domin ta dace da abin da ido yake gani. A bangon ramin ana iya bin farin layin kwaz da ya ratsa jikin dutsen, a wani wuri faɗinsa bai fi tafin hannu ba, a wani wurin kuma ya fi kamu guda, kuma a kowane gefe nasa dutsen ya sauya launi, ya yi duhu-duhu a kusa da jijiyar sannan ya yi ja a can gaba. Ɗana ya ce lokacin da narkakken dutse yake hucewa a ƙarƙashin ƙasa sai ya tsattsage, ruwa mai tsananin zafi da ke ɗauke da narkakkun ma'adinai ya bi ta cikin tsagogin, yana sanyi yana ajiye abin da ya ɗauko. Inda tsagar ta cike sarai sai a sami dunƙulallen farin dutse, inda kuma aka bar kogo sai ƙwayoyin su sami sararin girma su fito da gefe shida irin na mahaifina. Babbar jijiyar Riruwai ta miƙe daga gabas zuwa yamma tsawon kimanin kilomita 5.

Mun shafe sa'o'i uku a kan tulin nan, kuma a nan ne na ga abin da ban zata ba. Kwaz ɗin kansa kala-kala ne: akwai fari kamar madara, akwai mai haske kamar ƙanƙara, akwai mai launin hayaƙi. Ɗana ya ba ni wuƙa ya ce in karce shi, wuƙar ta zame ba ta bar ko alama ba, amma da na goga shi a jikin kwalba sai ya yanke ta, domin a ma'aunin tauri mai hawa 10 kwaz yana hawa na 7. Wannan dutse da aka zubar a matsayin shara da shi ake yin gilashi, daga cikinsa ake fitar da sinadarin da ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da faifan wutar sola, kuma ɗan ƙanƙanin yankinsa ne yake kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa a cikin agogon hannu mai batir.

Kuza kuwa dattijon ne ya koya mini gane ta, kuma da hannu ya koya mini kafin ido. Ya ɗora mini duwatsu biyu masu girma ɗaya, ɗaya a kowane tafi, sai na ji na dama ya rinjayi na hagu nesa ba kusa ba. Kuza ta ninka kwaz nauyi fiye da sau biyu da rabi, kuma a kan wannan bambanci aka gina sana'ar wankin kuza gaba ɗaya. Ya ɗebo dakakken dutse a ƙwarya, ya tsuguna a bakin ruwa yana juya ta a hankali, farin yashi yana bin ruwa yana fita, har sai da baƙin gari mai sheƙi ya rage a gindin ƙwaryar. Hannunsa bai yi gargada ko sau ɗaya ba, duk da cewa ya ce ya fi shekara 20 rabonsa da yin wankin.

Sauran ma'adinan sai da muka fasa duwatsu da guduma kafin su bayyana. Mun sami wulfuram, baƙi mai kama da ruwan wuƙa a cake cikin farin dutse, wanda daga gare shi ake samun ƙarfen da ake yin bakin na'urar huda dutse da zaren tsohon ƙwan lantarki. Mun sami dutsen tutiya mai launin ƙasa-ƙasa da maiƙo, wanda idan an karce shi yake ɗan warin ƙibiritu, kuma da ƙarfensa ake shafe kwanon rufi don kada ya yi tsatsa. Akwai ɗigo-ɗigon dutsen tagulla mai ruwan zinariya, da wani shuɗi mai jan-jan da ake kira fulorait, wanda wuƙa take karcewa cikin sauƙi. Wanda ya fi taɓa zuciyata shi ne wani mai launin toka da ƙyalli, wanda yake farfashewa gida-gida masu kusurwa huɗu, domin ina ganin sa na gane tozali ne, irin wanda kakata take niƙawa ta zuba a tandu. Ɗana ya gargaɗe ni cewa dalma ce a cikinsa, ya kuma tuna mini da abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai haɗe da dalma da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Daga nan kowannenmu ya wanke hannunsa sosai kafin mu taɓa guzurinmu.

Muna cin abinci a inuwar wata ɗorawa dattijon ya ɗauko tarihi, kuma abin da ya fara faɗa shi ne cewa kuza ba Bature ne ya kawo ta ba. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai suna wanke kuza a rafuka, suna narka ta da gawayi da zugazugi, sannan su zuba narkakken ƙarfen a cikin ƙananan ramuka da aka fitar da tsinken ciyawa, ya daskare ya fito siri-siri kamar tsinke. Fatake su ɗauka su kai kasuwanni, maƙeran farfaru su yi ado da shi ko su shafe kayan tagulla. A ƙarni na 19 wasu daga cikin masu wannan sana'a suka ƙaura zuwa ƙasar Bauchi suka kafa Riruwan Dalma. Waɗannan tsinkayen ne ma'aikatan Kamfanin Neja, wato kamfanin cinikin Turawan Ingila, suka gani a hannun 'yan kasuwa a shekarun 1880, suka yi ta bin sawunsu har aka turo masu bincike a 1902. Da aka yanka wa kamfanoni filayen kuza, masu narkawar gargajiya suka rasa inda za su ɗebo ta, murahunsu suka mutu ɗaya bayan ɗaya, jikokinsu kuma suka koma lebura. Wannan asara ta ilimi tana yi mini ciwo fiye da asarar ma'adinin da aka kwashe, domin dattijon da kansa ya ce bai taɓa ganin murhun yana ci ba, labarinsa kawai ya ji a bakin kakansa.

Ya kuma ba mu labarin abin da iyayensu suke kira diban gwamna. Bayan da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, sai aka shiga ɗibar talakawa daga lardunan Arewa, har da na Zazzau, ana kai su aikin tilas a ma'adinai har zuwa 1944. A 1943 kuzar da Najeriya ta fitar ta kai kimanin tan 17,000, wanda shi ne mafi yawa a tarihinta, amma mutane da yawa sun mutu saboda sanyin tudu da yunwa da cuta. A shekarun 1950, zamanin da mahaifina ya zo, kwalambait, wani baƙin ma'adini da ake samu tare da kuza, ita ce take tashe saboda Amurka tana saye tana tarawa. Shi kuwa dattijon zamaninsa shi ne shekarun 1970, lokacin da aka haƙa rijiyoyi da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa don a bi jijiyar zuwa zurfi. Ya ce sun yi zaton aikin zai kai ga jikokinsu, amma bai yi nisa ba ya tsaya, kuma faɗuwar farashin kuza a kasuwar duniya a 1985 ta ƙarasa abin da ya rage. Ya nuna mana wani bakin rami da ciyawa ta rufe, ya ce shanun Fulani sun sha faɗawa a irinsa, kuma har yanzu samari suna shiga tsofaffin ramuka da fitila a goshi suna neman abin da za su kai wa dillalai.

Kafin mu tashi na nemi ya nuna mini inda yake ganin mahaifina ya samo dutsensa. Ya ce wurin da kansa Allah kaɗai ya sani, amma ya kai ni wani lungu na bangon ramin inda jijiyar ta buɗe ta yi kogo mai girman tukunya. Na leƙa da hasken waya, sai ga ƙwayoyin kwaz a jere suna fuskantar juna, kowanne da gefe shida, wasu da baƙaƙen ƙwayoyin kuza a gindinsu. Na tsaya a wurin na yi wa mahaifina addu'a, dattijon da ɗana suka shafa tare da ni.

Mun iso Zariya bayan isha'i. Washegari ɗana ya wanke duwatsun da muka zo da su, ya rubuta sunan kowanne da inda aka tsince shi a 'yar takarda, tozalin kuma ya rufe shi a kwalba ya ɗora a kan kabad inda hannun yara ba zai kai ba. Ni kuma na zauna na rubuta duk abin da dattijon ya faɗa a wani littafi tun ban manta ba, kuma mun yi da shi cewa bayan sallah zan koma da na'urar ɗaukar murya, domin ya ce akwai wani abokin aikinsa a garin da ya san inda kufan murhun narka kuza yake.