Daga Aflawo zuwa Zongo Junction

Kwana uku ke nan da dawowata daga Akra, har yanzu kiran yaran mota bai bar kunnena ba. Hanyar Legas zuwa Aflawo, garin kan iyakar Ghana da Togo, ba ta da labari, in ban da wani jami'in kan iyaka da ya riƙe fasfona kusan awa guda, ko gaisuwata bai amsa ba.

Da na shiga Akra na kira mai masaukina, sai ya ce, "Alhaji, ka hau tiro-tiro mai zuwa Madina, ka sauka a Zongo Junction." Tiro-tiro ita ce ƙaramar bas ɗin haya, Madina kuma unguwa ce a can. Na ce sunan layin fa? Ya ce ba mai tambayarka layi a nan.

Haka kuwa na tarar. Kalmar junction a Turanci mahaɗar hanyoyi take nufi, ta mota ko ta jirgin ƙasa, irin ta Kafanchan. Amma a bakin mutanen Akra ita ce tasha, ita ce kasuwa, ita ce adireshin gida. Muna wuce Jami'ar Legon yaron mota ya ɗaga murya, "Atomic!" Wanda ke kusa da ni ya nuna min hanyar da ta rabu zuwa Kwabenya, inda hukumar makamashin nukiliyar Ghana take, daga nan wurin ya samo suna. Nan ne gidan gas ya fashe a Oktoban 2017, aka rasa rayuka. Allah Ya kiyaye gaba.

Sai na tuna mu ma haka muke. Wa ke neman lambar gida a Kwanar Dangora ko Mararrabar Jos? Bambancin kawai, mu mun riƙe namu kalmomin, kwana, mararraba, shataletale, kuma na fi son hakan.

A Zongo Junction na sauka cikin hayaniya, ga jaka a hannu, ga wayata ta mutu. Wata dattijuwa mai koko da ƙosai ta dube ni ta ce da Hausa, "Ɗana, baƙo ne?" Ta zuba min kokon da ya ji citta da kanumfari, ta ƙi karɓar ko sisi, ta haɗa ni da jikanta har ƙofar gidan. Na ce, "Inna, Allah Ya saka." Masu tasi kuwa, da sun ji harshen baƙo sai kuɗi ya ninka.

Kumasi na yi kwana biyu, kasuwar Kejetia ta cinye ɗaya. Daga nan sai gida.