Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tabon da ke bayan ɗiyata

Wanda ya bi mu makon jiya ya san inda muka tsaya: ina yi wa autata wanka na ga tabo a gadon bayanta, launin shayi mai madara, irin wanda aka haife ni da shi kafin ƙullutan nan su feso mini lokacin balaga.

Surukata ta ce, "Tawadar Allah ta, mi za ki kai yarinya asibiti yi?" Na ce, "Inna, ni ma haka aka ce da ni." Ta yi shiru. Baban yara bai ja magana ba, ya sayar da buhun shinkafa muka bar Argungu. Daga Birnin Kebbi aka tura mu asibitin koyarwa na Sakkwato.

Likitan ya ƙirga tabon, ya ce shida ko fiye da haka alama ce, balle ga uwa zaune da abin a jikinta. Ciwona ne dai, neurofibromatosis nau'i na ɗaya, ciwon gado mai sa ƙullutu su tsiro a jijiyoyi. Ya ce kusan mutum 1 cikin 3,000 ake haifa da shi, kuma duk cikin da mai shi ya samu rabi da rabi ne, ko ɗan ya gada ko ya tsira. Na ce to ni wa na gada, iyayena fatarsu sumul? Ya ce kusan rabin masu ciwon a kansu yake farawa. Ba kuturta ba ce, ba sammu ba ne, ba a ɗaukarsa a kwanon abinci. Na so a ce matan unguwarmu da ke ware mini moɗa a gidan biki suna wurin.

Wani Bajamushe, von Recklinghausen, ya bayyana ciwon tun 1882, amma sai 1990 aka gano ƙwayar gadon da ke haddasa shi. A 2020 Amurka ta amince da wani magani, selumetinib, don yara masu babban ƙari da ya cuɗe da jijiya har fiɗa ta gagara, a 2025 kuma mirdametinib ya biyo baya, shi har da manya. Suna rage girman ƙarin ne, ba sa raba mutum da ciwon, kuma ba don ƙananan ƙullutu irin nawa aka yi su ba. Maganar kuɗinsu kuwa, ko gonarmu ta fadama ba ta tare ta.

Abin da ke hannunmu, in ji likitan, sa ido ne. A duba idon yarinyar duk shekara, domin ƙari kan tsiro a jijiyar gani tun yaro na ƙarami. A auna jininta ko yana hawa, a lura da ƙashin baya kada ya karkace, in karatu ya yi mata nauyi kada a ce daƙiƙiya ce a hau ta da bulala.

Har na saɓa ta a kafaɗa, sai ya ce, "Hajiya, ke ma fa. Duk ƙullutun da ya yi tauri, ko yake girma da sauri, ko ciwonsa ya ƙi lafawa, kada ki bari ya kwana, wani kan rikiɗe ya zama daji."

Akwai ɗaya a cinyata ta hagu da ke hana ni barci tun damina. Ko baban yara bai sani ba, ga shi kuma tsaye a bakin ƙofa yana jiranmu.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.